Guguwar Katrina: labari cikin bala'i da sake gina makarantun New Orleans

Katrina guguwa ce mai tasowa daga teku. Ta afka wa kudancin Amurka ranar 29 ga Agusta 2005. A birnin New Orleans na jihar Louisiana, ganuwar da ke tare ruwa ta fashe, kusan kashi 80 cikin 100 na garin ya nutse. Mutane fiye da 1,000 suka rasu.

Sadarwa

Kwana ɗaya kafin guguwar, magajin gari Ray Nagin ya ba da umarni kowa ya fita. Amma talakawa da yawa ba su da mota, sai suka fake a babban filin wasa na Superdome. Da ruwa ya shigo, lantarki ya ɗauke, layukan waya suka mutu. Abin da ya rage wa jama'a shi ne rediyo mai batir. Tashar WWL ta ci gaba da magana, sauran tashoshi suka haɗa kai da ita, suna watsa shiri ɗaya daga garin Baton Rouge. Nan ne mai neman ɗansa ko tsohuwarsa yake kira ya yi cigiya.

Makarantu

Kafin bala'in, ƴan makarantar gwamnati a birnin sun kai wajen 65,000. Iyalai suka warwatsu, wasu har Houston a jihar Texas, yara suka shiga ajin da suka samu. A Nuwamba 2005 majalisar jihar ta karɓe makarantu fiye da 100 daga hannun hukumar birnin, aka sallami malamai da ma'aikata sama da 7,000. An yanke wannan hukunci iyaye da malamai suna gudun hijira, ba a ji ta bakinsu ba.

Kuɗin gini ma sai da aka jira. A 2010 ne hukumar agajin gaggawa, FEMA, ta amince da dala miliyar 1 da miliyan 800. Sai 2018 makarantun suka koma ƙarƙashin hukumar birnin, galibinsu ƙungiyoyi masu zaman kansu ke tafiyar da su da kuɗin gwamnati.

Sakamakon jarrabawa ya ƙaru bayan sauyin. Amma har yau akwai mutanen garin da ke ƙorafin an yi musu aski ba sa nan, an raba su da makarantun unguwa da malaman da suka sani.