Tarihin Aya da Danginta na Fadama

Yau za mu yi magana a kan aya. Ba ayar da muke ɗigawa a ƙarshen jimla ba, ayar da muke ci.

Aya dangin ciyayin fadama ce. Ƴar'uwar kajiji ce, wanda ke tsiro a bakin ruwa, mata suna turare da saiwarsa. Ku dubi ganyenta siriri, za ku ga kamar.

Noman aya ya daɗe ƙwarai. A ƙasar Masar an tarar da ƙwayoyinta cikin kaburburan mutanen da, waɗanda suka shekara fiye da 4000. A bakin kogin Nilu kuma akwai wata ƴar'uwarta doguwa, ana ce mata papirus. Da ita Misirawa suka yi takardar rubutu, yau fiye da shekara 4500. Kun ga ashe dangin aya sun riga mu shiga makaranta.

A shekarar 711 Musulmi suka ƙetara teku daga Afirka ta Arewa, suka shiga ƙasar Andalus, wato Sifen. A zamanin mulkinsu noman aya ya kafu can. Har yau mutanen Balansiya suna shan abin sha irin kunun ayarmu.

A nan Nijar, jahar Maraɗi ce uwar noman aya, musamman ƙasar Agye da ta Madarunfa. Ana shuka ta a farkon damina, a ƙasa mai rairayi. Bayan wata 3 zuwa 4 ta nuna. Mu mutanen Ɗan Issa muna bakin hanyar Jibiya da Katsina, mun san darajar buhunta.

Amma akwai abin lura. Wajen girbi ana ƙone ganye, a haƙe ƙasa, a rairaye ta. Gona sai ta rage tsirara, iskar hunturu ta kwashe albarkarta. Saboda haka, ƴan'uwa manoma, ku mai da ƙasar da kuka rairaye, ku baje ta. Ku zuba takin gida. Kada ku maimaita aya a gona ɗaya kowace shekara. Ku juya da wake ko gero. Ku bar itatuwan gawo su tare iska.

Kakanni sun bar mana gona mai rai. In muka kashe ta, ƴaƴanmu ne za su yaba wa aya zaƙinta.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.