Auna Lafawar Amosanin Gaɓɓai: Wane Ma'auni Ya Dace da Birnin Kano?

Amosanin gaɓɓai, irin wanda garkuwar jiki ke afka wa gaɓoɓin mai ita, ba ya warkewa ɗungurungum. Burin magani shi ne cutar ta lafa, kumburi ya sace, zaizayar ƙashi ta tsaya. To, da me za a tabbatar ta lafa?

Ma'aunin da ya fi shahara shi ne DAS28, wanda masana a Nijmegen ta ƙasar Holan suka wallafa a 1995. Yana haɗa binciken gaɓɓai 28 da gwajin jini da ƙimar da majiyyaci ya ba kansa. Idan maki ya gaza 2.6, sai a ce cuta ta lafa. A 2011 ƙungiyoyin likitocin gaɓɓai na Amurka da Turai suka tsaurara: kada gaɓa mai ciwo ko mai kumburi ta wuce ɗaya, kuma kada ƙimar majiyyaci ta haura 1 cikin 10. A 2022 suka sassauta iyakar ƙimar majiyyacin zuwa 2.

Hujjata ita ce, kowanne cikin turakun nan yana da rauni a wurinmu. Gwajin jinin ESR yana hauhawa saboda ƙarancin jini ko tarin fuka, ko da gaɓɓai lafiya lau suke. Gaɓɓai 28 ɗin ba su haɗa da idon sawu da yatsun ƙafa ba, alhali mai ratsa lungunan birni zuwa Kasuwar Kurmi, mai zaman tahiya sau biyar a yini, da su yake rayuwa. Sannan tarbiyyarmu ta dauriya da kunya kan sa dattijuwa ta ce wa likita "da sauƙi" ko da ba ta iya matse tsumma. Uwa uba, ƙwayoyin prednisolone da diclofenac da ake saye a kemis suna danne zafi, a ɗauka cuta ta kwanta.

Saboda haka ma'aunin CDAI, wanda ba ya buƙatar gwajin jini, wanda ake ce cuta ta lafa idan makinsa bai wuce 2.8 ba, ya fi dacewa da cunkoson Asibitin Murtala da aljihun talaka. Amma sai likita ya sa an cire takalmi, ya tambayi me aka sha a gida, ya tambayi aiki: alwala, tuƙin tuwo, ɗinkin hula. Ayyana lafawa da wuri kan sa a rage maganin methotrexate, gaɓar da ta lanƙwashe kuwa ba ta miƙewa.