Farar riga da baƙin bajo: yadda aka gina ranar ɗan mishan a ƙasashen Sifaniyanci

Duk wanda ya zagaya unguwannin Lima ko Santiyago ko birnin Meziko, da wuya bai ci karo da su ba. Samari ne biyu-biyu, sanye da farar riga da baƙin wando, jaka a kafaɗa, ga ɗan baƙin bajo a ƙirji ɗauke da sunan gidansu. Idan namiji ne za a ga an rubuta Élder kafin sunan, idan mace ce Hermana. 'Yan mishan ne na Ikilisiyar Yesu Almasihu ta Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe, waɗanda duniya ta fi sani da Mormon. Mutanen Akara da Legas ma sun san irin wannan shiga, domin tun ƙarshen 1978 cocin ya fara turo 'yan mishan Najeriya da Gana. Sai dai a ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci ne aikin ya fi yin jijiya a wajen Amurka, kuma a can ne aka gwada yawancin abubuwan da suka zama rayuwar ɗan mishan ta yau.

Ranar tasu a tsare take tun daga farkawa. Shekaru da dama ƙa'idar ita ce a tashi ƙarfe 6:30 na safe, a motsa jiki, a yi karatun littattafan addini kowa shi kaɗai, sannan a yi tare da abokin aiki, sannan a zauna kan harshe. Daga nan sai fita, gida-gida da titi-titi, har wajen ƙarfe 9 na dare, a kwanta 10:30. Ba talabijin, ba neman aure, ba rabuwa da abokin aiki ko da zuwa shago ne. Rana ɗaya a mako, galibi Litinin, ita ce ta wanki da cefane da rubuta wa gida. Duk bayan mako shida ana iya ɗauke mutum a kai shi wani gari, a haɗa shi da wani abokin da bai taɓa gani ba. Maza shekara biyu suke yi, mata shekara ɗaya da rabi, kuma ba albashi. Su da iyayensu ne ke biyan kuɗin zaman.

Wanda ya ga wannan tsari zai ɗauka da shi aka fara. Ba haka ba ne. Kusan kowane sashe na ranar nan ya samo asali ne daga wata wahala da aka sha, kuma wahalar da ta fi daɗewa ita ce ta harshe.

Joseph Smith ya kafa cocin a jihar New York a 1830, kuma tun a shekarar aka fara tura masu wa'azi. Amma na farkon ba samari ba ne. Magidanta ne da ake kiran sunansu a taro, su bar mata da 'ya'ya da gona, su kama hanya ba guzuri, inda dare ya yi musu nan za su nemi masauki. A Ingila, inda suka isa a 1837, abin ya karɓu sosai, tun da bakinsu ɗaya da mutanen. Da aka juya kudu sai labari ya sha bamban.

A Nuwamban 1851 Parley P. Pratt, ɗaya daga cikin manzannin cocin goma sha biyu, ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Valparaíso a ƙasar Cile, tare da matarsa Phoebe mai tsohon ciki da wani abokin tafiya, Rufus Allen. Mutum ne da ya yi suna wajen iya magana da rubutu, ya jawo ɗimbin mutane a Kanada da Ingila. A Cile bakinsa ya ɗaure. Sifaniyancin da ya yi ta koyo bai kai na wa'azi ba, ƙasar na fama da yaƙin basasa, tsarin mulkinta kuma bai yarda a yi wani addini a fili ba sai Katolika. Jaririn da aka haifa musu a can bai yi wata biyu ba ya rasu, suka binne shi a Valparaíso. Kuɗi ya ƙare. A Maris na 1852 suka hau jirgi suka koma ba tare da sun yi wa ko mutum ɗaya baftisma ba. Sai a 1956 'yan mishan na cocin suka sake zama a Cile, bayan shekara ɗari da 'yan kai. Ni a ganina wannan tafiya da ta ci tura ta fi nasarori da yawa bayyana abin da ya biyo baya, domin ta nuna wa shugabannin cocin cewa himma ba ta maye gurbin harshe.

Mafita ta zo ta hannun wani baƙo. Melitón Trejo, hafsan sojan Sifaniya da ya yi aiki a Filifin, ya isa birnin Salt Lake, hedkwatar cocin, a 1874 ya shiga cocin. Shi da wani ɗan cocin, Daniel W. Jones, suka fassara wasu sassa na Littafin Mormon, littafi mai tsarki na cocin, aka buga a 1875, Jones da 'yan rakiyarsa suka ɗora a kan dawaki suka ratsa Arizona har Chihuahua, suka riƙa aika kwafi ta gidan waya ga manyan mutane a biranen Meziko. A 1879 manzo Moses Thatcher ya buɗe mishan a babban birnin ƙasar, cikakkiyar fassarar littafin kuma ta fito a 1886. A daidai wannan lokaci, daga 1885, wasu iyalan Mormon da ke gudun dokar Amurka ta hana auren mace fiye da ɗaya suka kafa garuruwa a Chihuahua, irin su Colonia Juárez da Colonia Dublán. 'Ya'yan da suka tashi a can sun taso da harshe biyu, su ne kuma suka riƙe aikin Sifaniyanci na tsawon zamani. Fitacce a cikinsu shi ne Rey L. Pratt, jikan wancan Parley ɗin, wanda ya shugabanci mishan na Meziko daga 1907 har rasuwarsa a 1931. Shi ne mai Sifaniyanci a cikin mutum ukun da suka je Buenos Aires, inda manzo Melvin J. Ballard ya yi addu'ar buɗe aikin Kudancin Amurka ranar Kirsimeti ta 1925. Waɗanda suka fara karɓa a Ajantina ma Jamusawa ne 'yan ci-rani.

Akwai wani al'amari a nan da bai kamata a tsallake ba. A 1926 gwamnatin Meziko ta tsananta dokar hana limaman addini baƙi aiki a ƙasar, don haka 'yan ƙasa suka riƙe majami'unsu da kansu shekara da shekaru. Da suka ga sun iya, sai suka nemi a naɗa musu shugaban mishan ɗan asalin Meziko, jininsu. Aka ƙi. A 1936 kusan kashi ɗaya cikin uku na mabiyan ƙasar suka ware, aka san su da 'yan Taro na Uku, ba su dawo ba sai 1946 da shugaban cocin, George Albert Smith, ya taka da kansa har Meziko. Buƙatar tasu tana kan hanya, kuma lokaci ya gaskata su: yau a yawancin mishan na yankin, abokin aikin Ba'amurke ɗan Peru ne ko ɗan Guatemala ko ɗan Meziko, sau da yawa ma dukansu biyun 'yan yankin ne.

Sauyawa daga magidanta zuwa matasa a hankali ta faru. 'Yan mata marasa aure na farko, Inez Knight da Jennie Brimhall, an tura su Ingila a 1898. A 1960 aka tsayar da shekara 19 ga maza, a 1974 kuma shugaban cocin, Spencer W. Kimball, ya ce ya kamata kowane saurayi da ya cancanta ya tafi. Da aikin ya koma hannun yara masu ƙarancin shekaru, dole aka rubuta musu abin da za su faɗa. Tsarin darussa na bai-ɗaya ya fito a 1952, na 1961 kuma darussa shida ne da ake haddacewa kusan kalma da kalma. Ga saurayin da Sifaniyancinsa bai nuna ba, haddar nan ta zama sandar dogarawa. Illarta ita ce yana iya karanto darasi tsaf amma ya kasa amsa tambayar tsohuwar da ke zaune a gabansa. Sai a 2004 aka ajiye hadda, aka fito da littafin jagora da ake kira Predicad Mi Evangelio a Sifaniyanci, wanda ya ce kowa ya koyar da bakinsa.

Makarantar harshen kuwa matsalar biza ce ta haife ta. A ƙarshen 1961 wasu samari da za a tura Meziko da Ajantina suka maƙale a jihar Yuta suna jiran takardu. Maimakon su zauna haka, sai aka tara su a Jami'ar Brigham Young da ke Provo aka shiga koya musu Sifaniyanci. Da suka isa wuraren aikinsu aka ga bambanci ƙarara tsakaninsu da na baya, waɗanda kan shafe watanni suna bin abokin aiki shiru. A 1963 aka mayar da shirin na dindindin, aka ƙara wasu harsuna, a 1978 ya zama Cibiyar Horar da 'Yan Mishan. Nazarin harshe kuma yana ci gaba a cikin jadawalin kullum.

Amma jadawali bai faɗi abin da ya fi riƙe waɗannan matasa ba, wato abincin rana. A Meziko babban abinci wajen ƙarfe biyu ake ci, kuma mabiya cocin ne ke karɓar 'yan mishan bi da bi. Ranar Lahadi ake zagayawa da takarda, mata su rubuta sunansu a ranar da za su iya. A Peru da Bolibiya akwai matar da ake biya ta riƙa dafa musu kullum, pensionista, a Cile kuma suna kiran irinta mamita. Ita ce ke lura idan yaro ya rame, ita ke dafa masa ganye idan ciki ya ɓaci, ita ke gyara masa magana ba tare da ya ji kunya ba. Sau da yawa gidan ba mai hali ba ne, naman da aka sa wa baƙi shi ne wanda 'ya'yan gida ba za su gani ba a ranar, shi ya sa barin saura a kwano abin kunya ne. Cocin ya hana kofi da shayi da giya da taba, don haka saurayi yakan koyi yadda zai ƙi kofin kofi a gidan ɗan Kolombiya ba tare da ya ɓata wa mai gida ba. A ƙauyukan Ajantina da Paraguay kuma ba a ƙwanƙwasa ƙofa, tsayawa ake a bakin shinge a tafa hannu, kamar yadda baƙo ke tsayawa a zaure ya yi sallama, kuma wanda ya tafa a lokacin barcin rana ya san ba za a yi murna da shi ba. Sai a 2017 hukumar cocin ta yarda a daidaita sa'o'in tashi da kwanciya da al'adar kowace ƙasa, ta yadda a Latin Amurka za a iya jinkirta su.

Bunƙasar ta zo da sauri, kuma saurin ya yi tsada. A 2004 cocin ya ce mabiyansa a Meziko sun kai miliyan ɗaya, amma a ƙidayar 2010 waɗanda suka kira kansu Mormon ba su wuce dubu 300 da 'yan kai ba. A Cile rajista ta haura dubu 500, ƙidayar 2002 ta nuna dubu 100 da kaɗan. A shekarar ne aka tura manzo Jeffrey R. Holland ya zauna a Santiyago shekara biyu, aka haɗe majami'u da dama da suka zama kango. Laifin ba na yaran ba ne. Idan aka auna saurayi ɗan shekara 19 da yawan baftismar da ya kawo a wata, zai yi gaggawa, bayan mako shida kuma an ɗauke shi, wanda ya shigo ya rasa wanda ya sani.

Akwai kuma haɗari. A Mayun 1989 'yan bindiga suka harbe 'yan mishan biyu Amurkawa a ƙofar masaukinsu a La Paz, suna kallon farar rigar a matsayin tambarin Amurka. A 1990 aka kashe wasu biyu a Huancayo, su kuwa 'yan Peru ne. Bayan haka aka rage Amurkawa a ƙasashen biyu, 'yan ƙasa suka ɗauki nauyin. Daga 1991 kuma aka daidaita kuɗin wata ga masu fitowa daga Amurka da Kanada, kowa ya biya adadi ɗaya ko ina aka tura shi, abin da ya sauƙaƙa wa iyalan da a da ƙasa mai tsada kan gagare su. A 2016 aka yarda 'yan mata su sa wando a yankunan sauro saboda Zika da dengue. Kiran gida, wanda a da sau biyu ne a shekara, ranar Kirsimeti da Ranar Iyaye Mata, ya koma kowane mako a Fabrairun 2019. Ba duka ne ma ke ƙetare iyaka ba: da yawa Kalifoniya ko Texas ko Arizona ake tura su, su yi shekara biyu cikin 'yan ci-rani masu aikin gini da gona, suna buɗe ajin Turanci kyauta da yamma a majami'a.

A Oktoban 2012 shugaban cocin na lokacin, Thomas S. Monson, ya rage shekarun tafiya zuwa 18 ga maza, 19 ga mata, matasa suka yi ta kwarara har cibiyar Provo ta kasa ɗaukarsu. Sai aka waiwayi Benemérito de las Américas, makarantar sakandaren kwana da cocin ya buɗe a arewacin birnin Meziko a 1964, wadda ta ilmantar da dubban 'ya'yan talakawan ƙasar. A Yunin 2013 aka yaye ɗalibanta na ƙarshe aka rufe ta, aka mayar da ita cibiyar horar da 'yan mishan. Iyalai da dama a Meziko sun ji zafin wannan, kuma suna da hujja, domin ga wasunsu ita ce kaɗai hanyar karatu mai kyau. A azuzuwan nan ne yanzu saurayi daga Idaho ke yin makonni yana lanƙwasa harshensa a gaban malamai 'yan Meziko, yawancinsu matasan da ba su daɗe da gama nasu mishan ɗin ba, kafin a sa shi a mota ko jirgi zuwa garin da abokin aikinsa na farko ke jiransa.