CINDO: WA YA ƘIRGA YATSUN JARIRI?

 Yau ma tarihi za mu taɓa, amma tarihin yatsa.

Watan jiya aka yi sunan ɗan yayata a gidanmu, nan Nassarawa GRA. Yaron ya zo da cindo, ɗan guntun yatsa na shida a gefen ƙaramin yatsansa. Ina shigowa da kulolin abinci na ji wata daga dangin mijin tana cewa, "Mu dai a gidanmu ba a taɓa yi ba, sai a tambaye ta me ta kalla da cikin." Yayata ta sunkuyar da kai. Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai, ita ta sa na shiga bincike.

Cindo ba baƙo ba ne a wajenmu, tunda har suna muka yi da shi. Irin na gefen ƙaramin yatsa ya fi yawa a baƙar fata, kusan ninki goma na yadda ake samunsa a Turawa. Amma wanda ya fara bin diddiginsa a rubuce wani Bafaranshe ne, Maupertuis, a shekarun 1750. A birnin Balin ya samu wani likitan fiɗa, Jacob Ruhe, mai yatsu shida, ya bi zuriyarsu hawa huɗu. Sai ya ga abin yana sauka ta wajen mace, yana sauka ta wajen namiji. A lokacin masana da yawa sun ɗauka jariri a shirye yake tsaf a jikin ɗaya daga cikin iyayen, ɗayan taimako kawai yake yi. Cindo na cikin abubuwan da suka karya wannan ra'ayin.

To amma ta yaya jiki yake sanin biyar zai yi, ba shida ba? Sai da aka ƙara shekara ɗari biyu. A 1968, John Saunders da Mary Gasseling a Amurka suka buɗe ƙwan kaza, suka yanko ɗan nama daga bayan tohon fiffike, suka dasa shi a gaban wani tohon. Fiffiken ya fito da yatsu ninki biyu, kamar an kafa masa madubi a tsakiya. Ashe akwai wani ɗan lungu da yake aika saƙo: kai zama wannan yatsan, kai zama wancan.

A 1993 ɗakin binciken Cliff Tabin a Jami'ar Harvard ya gano ƙwayar gadon da ke aika saƙon. Sunanta ma abin dariya ne, Sonic hedgehog, sunan bushiyar nan ta wasan gem. Tushen sunan daga ƙuda ne: a 1980 an ga cewa in irin wannan ƙwayar ta lalace a ƙananan ƙudajen da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace, tsutsarsu kan fito da ƙayoyi kamar bushiya. Inda saƙon ya yi ƙarfi, can ƙaramin yatsa yake fitowa. Inda bai kai ba, babban yatsa. Akwai wata ƙwayar, GLI3, mai taka masa burki. In aka samu ɗan canji a irin waɗannan, lissafi ya kan ƙaru da ɗaya.

Ku lura da lokacin, don shi ne ya fi girgiza ni. Tohon hannu yana ɓullowa a sati na huɗu da samun ciki. Kafin ƙarshen sati na takwas yatsu sun rabu, an gama ƙirga. Mata da yawa a lokacin ba su ma tabbatar suna da ciki ba, balle a ce kallon wani a kasuwa a wata na shida ne ya jawo.

Abin da zai iya taɓa hannun ɗan tayi a satittikan nan yana nan, amma ba kallo ba ne. A 1957 aka fara sayar da maganin talidomaid a Jamus ta Yamma, masu ciki suna sha don barci da laulayi. Kafin a janye shi a 1961, an haifi yara sama da 10,000 da mummunar tawaya, da yawansu hannuwa guntaye ko babu gaba ɗaya. In na tuna yadda muke leƙa kemis mu ce "a haɗa min na zazzaɓi", ba mai tambayar ko akwai ciki, sai gabana ya faɗi.

Mu koma gida. An so a ɗaure cindon da zare ya bushe ya faɗi, kamar yadda aka saba. Yayata ta ce a'a, likita zai fara dubawa ko akwai ƙashi a ciki, ga Asibitin Ƙashi na Dala nan tun 1959. Ana cikin wannan ja-in-ja surukarta, Hajiya, wadda tun safe ba ta ce uffan ba, ta aika aka kira ɗanta, uban jaririn. Ta kama hannunsa na hagu, ta juya gefen ƙaramin yatsa gaban kowa. Ga ɗan tabo nan kamar ƙwayar gero.

Ta ce, "Ni na ɗaure shi da hannuna, kwananka uku a duniya."

Shekararsa talatin da huɗu, shi duk a zatonsa ƙuna ce.