Walter Brennan: Wawulon da Ya Ci Oscar Uku

Lokacin da darakta Howard Hawks ya kira Walter Brennan ya gwada shi don fim ɗin Barbary Coast na 1935, sai Brennan ya tambaye shi: da haƙora zai yi maganar, ko babu? Hawks ya ce babu. Brennan ya juya baya, ya zare haƙoran roba, ya juyo da baki a lotse. Nan take ya koma tsoho tukuf. Haka Hawks da kansa ya riƙa ba da labarin.

An haifi Brennan a Lynn, jihar Massachusetts ta Amurka, a 1894. Ya yi yaƙin duniya na ɗaya a Faransa, ya dawo ya gwada harkar filaye a Kalifoniya, kasuwa ta faɗi, dukiya ta salwanta. Sai ya shiga sahun 'yan cika fage a Hollywood, waɗanda ake tsayarwa a bayan jarumi a biya su kuɗin yini. Haƙoran kuwa a wani hatsari ya rasa su, a 1932. Abin da ya zo a matsayin asara shi ya zama jarinsa.

Da aka ƙirƙiro kyautar Oscar ta mataimakin jarumi, shi ya fara ɗauka, da Come and Get It na 1936. Ya ƙara da Kentucky na 1938, ya kuma ƙara da The Westerner na 1940, inda ya fito a matsayin alƙali Roy Bean mai saurin rataye mutane, ya kusa disashe hasken jarumin fim ɗin, Gary Cooper. Masu tsegumi sun ce tsofaffin abokansa 'yan cika fage ne suka yi masa ruwan ƙuri'u, don a lokacin suna da damar zaɓe, kuma daga baya an karɓe ta. Wataƙila da ƙamshin gaskiya. Amma duk wanda ya kalli Roy Bean ya san ba alfarma kaɗai ba ce.

Ya iya zama bos ma. A My Darling Clementine na 1946, tsoho Clanton ne mai zane 'ya'yansa da bulala.

Sai dai masu son fim ɗin kaboyi sun fi tuna shi a gefen jarumi John Wayne. A Red River na 1948 shi ne Groot, kuku mai mita, wanda ya saka haƙoransa a caca wani Ba'indiyen daji ya cinye, har sai lokacin cin abinci ake ara masa su. A Rio Bravo na 1959 kuma Stumpy ne, gurgun tsoho mai gadin kurkuku, bindiga a hannu, baki ba ya hutawa.

Daga 1957 zuwa 1963 ya koma talabijin da shirin The Real McCoys. Ya rasu a Oxnard a 1974, yana da shekara 80, bayan ya fito a finafinai da shirye-shirye sama da 200.