Dutsen Da Na Ƙullo Daga Biki

Yau kam zancen wani ɗan dutse na zo muku da shi, sai ku yi haƙuri ku biyo ni.

Wata shekara mun je biki Sakkwato, can wajen Wurno, sai ga 'yar ƙanwata ta shigo da gudu riƙe da dutse, siffarsa sak katantanwa, har da murɗewarta. Gwaggo ta fizge ta yi jifa da shi, wai kayan aljanu ne, ta kuma daka wa yarinyar tsawa. Ni kuwa na faki idonta na ɗauke, na ƙulle a bakin zane. Wani malamin makaranta cikin dangin ango shi ya ce min, "Hajiya, ai nan teku ne a da." Dariya na yi. Teku a garin da ake sayen ruwa a garwa?

Ashe gaskiyarsa. Wajen shekara miliyan 60 da suka wuce, ruwan teku ya ratso Sahara ya kwanta a ƙasar Sakkwato. A Wurno da Dange an tono ƙasusuwan kifaye da kadoji da kunkuru. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita ma, ɓawon halittun ruwa ne da ya taru ya daskare. Ƙila daɓen ɗakinki da kike sharewa kullum daga nan yake.

Masana sun ce shekarun duniya sun kai miliyan 4,500. Wannan lissafi ya fi ƙarfin kaina, don haka na mayar da shi kwana ɗaya irin namu na matan gida. A ce an halicci duniya ƙarfe 12 na dare. Rai bai bayyana ba sai wajen asuba, shi ma ƙwayoyi ne cikin ruwa waɗanda ido ba ya gani. Hantsi ya yi, azahar ta wuce, la'asar, magariba, har kin sauke tuwo, kusan su kaɗai ne a duniya, babu itace babu tsuntsu. Sai bayan lisha, wajen ƙarfe 9, dabbobi suka cika teku. Manyan dabbobin nan da ake kira dainoso sai kusan 11 suka zo, kuma saura minti 21 kwanan ya cika wani ƙaton dutse ya faɗo daga sama a ƙasar Meziko, suka ƙare. Mu 'yan Adam fa? Daƙiƙa 6 ta ƙarshe. Ko ashana ba ki gama ƙyastawa ba.

Kada ki ce duk a ƙasar Turawa aka yi. A Gadufawa, cikin hamadar Nijar, an tono wani kada mai tsawon sama da mita 9, wanda ya rayu shekara miliyan 110 da suka wuce, lokacin wurin duk koguna ne. A nan kuma aka samu wata dabba mai haƙora fiye da 500, tsirrai kawai take ci, a 1999 aka raɗa mata suna Nigersaurus, wato sunan ƙasar aka ba ta.

Na san wata za ta ce, wa ya ƙirga? Ni ma na tambaya. Duwatsu hawa-hawa suke kamar zannuwa a akwati, na ƙasa shi aka fara ajiyewa. Sannan akwai yuraniyam, irin wanda ake haƙa a Arlit, a hankali yake rikiɗewa ya zama dalma, kuma saurin rikiɗar ba ya canzawa. In aka auna nawa ya rikiɗe cikin dutse, sai a san shekarunsa. Ni dai wannan bai taɓa imanina ba, tsoron Allah ma ya ƙara min. Abin da ya tsaya min a rai tsawar da aka yi wa yarinyar nan ne, don tun daga ranar ban sake ganin ta kawo wa babba abu ta ce mene ne wannan ba.

Dutsen yana nan cikin kabad ɗina, tsakanin tangaran. Na ce wa ƙanwata in sun zo hutu ta taho min da ita, in mayar mata da kayanta.