DARASI DAGA LUGU: BA A SAN MACI TUWO BA SAI MIYA TA ƘARE



A watan Afrilu na 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta iso ƙasar Arewa, tana ƙone garuruwa tana kwashe dukiya. A Lugu, cikin yankin Dogon Dutsi, Sarauniya Mangu da mutanenta suka tare ta da kibau. Bindiga ta rinjayi baka, aka ƙone garin, mutane suka shige kurmi. A watan Mayu rundunar ta auka wa Birnin Ƙonni, ta yi kisa mai muni. Duk wanda ya ga haka a lokacin, cewa zai yi babu mai iya tsayar da waɗannan mutane biyu.

Sai labarin ta'asarsu ya kai Faransa, aka turo Kanar Klobb ya karɓe rundunar. Ranar 14 ga Yuli, Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori. Cikin kwana uku sojojinsu suka juya musu baya: aka kashe Chanoine ranar 16, Voulet ranar 17, a wajen Maijirgi kusa da Tasawa.

To, wanda ya ce bala'i ya wuce, shi ma ya yi gaggawa. Ragowar rundunar ta ci Damagaram a ƙarshen watan nan na Yuli, kuma a watan Satumba aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga.

Mun san irin wannan tun daga Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira. Maharba 50 Annabi (SAW) ya ajiye a kan tudu, ya hana su sauka. Da suka ga Ƙuraishawa sun juya, mafi yawansu suka ɗauka an gama, suka gangara neman ganima. Khalid ɗan Walid ya zagayo ta baya, aka yi shahidai kusan 70, har da Sayyidina Hamza (RA).

Yau labarin yaƙi yana shigo mana cikin waya safe da yamma. Wajibinmu shi ne mu tantance labari kafin mu tura shi, kamar yadda aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta umarta. Kada nasarar yini ɗaya ta sa mu saki tsaro da addu'a, kada kuma asarar yini ɗaya ta sa mu ɗebe ƙauna daga rahamar Allah, domin ƙarshen al'amari Shi kaɗai Ya san shi.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amin.